Kamun Kifi da Kayak a Ruwa Mai Iska: Inda Hatsarin Yake da Yadda Ake Kauce Masa

Kano ba ta da teku, amma Bakano ba ya rasa hanyar zuwa bakinsa. Akwai 'yan kasuwarmu da ma'aikata a Legas da Fatakwal da Kalaba, akwai ɗalibai a ƙasashen da ake kamun kifi don nishaɗi. A gida ma muna da ruwan da ya isa a ji tsoronsa: ga Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da birni, mai faɗin murabba'in kilomita 178, ga Chalawa a Ƙaraye, ga Watari a Bagwai. Abin da ya shigo sabo shi ne kayak, ƙaramin kwalekwalen roba na mutum ɗaya da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Saurayi zai gan shi a bidiyo, ya yi odarsa, ya ɗaura a saman mota ranar Asabar. Jirgin yakan zo da filafili da kujera, amma ba ya zuwa da sanin ranar da ba a shiga ruwa.

Kifewa kanta ba ita ce matsalar ba. Kayak jirgi ne da aka ƙera da sanin zai kife wata rana, kuma mai shi zai iya juyo da shi ya sake hawa. Abin da ke mayar da kifewa ta zama ta'aziyya shi ne mutum ya rabu da jirginsa, ko ba ya sanye da rigar ruwa, wato rigar da ke hana nutsewa, ko iska ta fi ƙarfin hannunsa ta yi nisa da shi. Dukkansu tun a tudu ake maganinsu.

A fara da lissafin iska, domin komai a kansa ya rataya. Kayak ɗin kamun kifi mai tsawon mita 3 da rabi zuwa 4, idan an loda masa kaya, mutum mai matsakaicin ƙarfi zai riƙa cin kilomita 4 zuwa 5 a awa da shi in ruwa na kwance. Turin iska kuwa ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: in gudun ya ninka sau biyu, turin sau huɗu yake ninkawa. Iskar kilomita 15 a awa da ke sanyaya maka jiki da hantsi, in ta kai 30 bayan azahar, ƙarfin da take tura ka da shi ya zama huɗun na ɗazu, kai kuma hannunka ya riga ya gaji. A ma'aunin Beaufort da matuƙa ke aiki da shi, mataki na 3 shi ne kilomita 12 zuwa 19 a awa, inda farin kumfa ke fara bayyana nan da can a kan igiyar ruwa. Mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28, kumfan ya yawaita. Mataki na 5, kilomita 29 zuwa 38, duk inda ka duba fari ne. Sabon shiga iyakarsa mataki na 3. A na 4 hanyar gida ake kamawa. A na 5, ko ƙwararre yakan yi ta tuƙi yana kallon itace ɗaya a bakin gaɓa bai wuce shi ba. Hasashen hukumar NiMet da manhajojin yanayi na waya sukan nuna gudu biyu, na kullum da na bugun da ke zuwa farat ɗaya. Na biyun za ka duba, shi ke kifar da jirgi. In kuma da not suka rubuta, kowane not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa.

Inda iskar ta fuskanta ya fi gudunta muhimmanci. Mafi yaudara ita ce wadda ke busowa daga tudu zuwa cikin ruwa. Kana tsaye a gaɓa za ka ga ruwa lumui, saboda tudu da itatuwa sun tare ta, kuma ba ta samu filin tayar da igiya ba tukuna. Ka shiga tana bayanka, tafiya na daɗi. Sai ka juyo bayan kilomita ɗaya ka tarar da wani ruwa daban, ita kuma tana fuskarka. A hunturu iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, don haka a gaɓar Legas, wadda ke kallon kudu, tura mutum take cikin teku, ga hazo da ke ɓoye tudu tun bai yi nisa ba. A Tiga ma wanda ya shiga ta gefen arewa ko gabas a wannan lokaci tsakiyar ruwa za ta kai shi. Ƙa'idar ita ce ka fita kana fuskantar iska, ka dawo tana tura ka. Ƙarfinka kuma ka kasa shi uku: ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ka ajiye ba ka taɓa ba.

Mu a Arewa hadari ne babban abin tsoro, musamman a farkon damina wajen Mayu da Yuni, da kuma ƙarshenta. Daga gabas yake tasowa, yana tafiya yamma da gudun da kan kai kilomita 50 a awa, kuma guguwarsa na riga ruwansa isowa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda take kwashe rumfunan kasuwa kafin ɗigo ɗaya ya sauka ya san abin da ake nufi. Hadarin da ke nisan kilomita 15 zai iso cikin minti 18, kai kuwa a wannan lokaci kilomita ɗaya da rabi kawai za ka iya ci. Wannan lissafin shi ke gaya maka iyakar nisan da za ka yi da gaɓa a damina. Alamominsa sanannu ne: gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cik, zafi ya dame, ƙura ta yi ja a ƙasan gajimare, sannan wata iska mai sanyi ta taɓa ka. Wanda ya jira iska mai sanyin ya makara. Da ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgen bai kai 30 ba, aradu na iya samunka a inda kake. Ka kwantar da sandunan fatsa, domin na zamani da sinadarin kabon ake yinsu kuma yana ɗaukar lantarki, ka nufi tudu mafi kusa ko ba nan ka ajiye mota ba, kuma kada ka koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Masuntan da ke kwana suna tashi a bakin waɗannan madatsu sun fi kowace manhaja sanin ta inda guguwa ke faɗowa da inda kututtura suke a ƙarƙashin ruwa. Gaishe da Sarkin Ruwa da tambayarsa kafin shiga ba ladabi kaɗai ba ne, tsaro ne.

Teku kuma yana da abin da madatsa ba ta da shi, wato igiyar da ke zuwa daga nesa ko babu iska ko kaɗan. Wadda ke dukan gaɓar Najeriya daga guguwar kudancin Tekun Atilantika take tasowa, dubban kilomita daga nan, kuma ta fi girma daga Yuni zuwa Satumba. A hasashe za ka ga tsayi da mita, da tazara da daƙiƙa, wato lokacin da ke tsakanin igiya da mai bin ta. Mutane kan karanta tsayin su bar tazarar, alhali ita ke bayyana halin ruwan. Igiyar mita ɗaya mai tazarar daƙiƙa 5, tsakaninta da ta bayanta kimanin mita 39 ne a ruwa mai zurfi: tana da tsini, tana zuwa a jejjere, ba ta barinka ka gyara zama. Mai tazarar daƙiƙa 12 kuwa tsakaninsu ya kai mita 225. A tsakiyar teku ɗaga ka za ta yi a hankali ta sauke, amma ruwan da take ɗauke da shi yana da yawa, in ta iso gaɓa sai ta miƙe ta fashe da ƙarfin da ya isa ya karya filafili. Igiya kan fashe inda zurfin ruwa ya ragu zuwa kamar tsayinta da kashi ɗaya cikin uku a kai, shi ya sa tudun yashi ko dutse da ke ɓoye a ƙasa kan fasa babbar igiya a wurin da ka daɗe kana gani shiru. Sannan tsayin da ake rubutawa a hasashe matsakaicin manyan igiyoyi ne, jefi-jefi sai wadda ta kusa ninkinsa ta zo. In an rubuta mita ɗaya, ka tambayi kanka ko za ka iya da mita biyu. In amsar a'a ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ruwan teku na hawa ya sauka sau biyu a rana, kowane juyi awa shida da 'yan mintuna. A Legas bambancin kamar mita ɗaya ne, a Kalaba ya fi haka sosai. Wurin da wannan ke zama hatsari shi ne bakin kogi ko mashigar tashar jirage: ruwa mai fita ya yi karo da igiya mai shigowa, sai igiyar ta gajarce ta miƙe tsaye. Mashigar da ka wuce lafiya da safe tana iya rufewa da rana ba tare da iska ta canja ba. Mashigar tashar Legas kuma hanyar manyan jirage ce, ba sa ganin kayak, na'urar hangensu ba ta kama roba sosai, kuma ba sa iya tsayawa nan take. A nisance ta. Tuta mai launin lemo a kan sanda mai tsayin mita ɗaya da rabi, da farar fitila in duhu ya kama, su ne mafi ƙarancin abin da zai sa mai jirgin inji ya gan ka.

Shiga da fita ta cikin igiyar da ke fashewa a gaɓa shi ne inda aka fi yin asarar kaya da jin rauni. Igiyoyi rukuni-rukuni suke zuwa, manya su wuce, a ɗan sarara. Ka tsaya minti goma kana kallo har ka gane tsarin, ka shiga a lokacin sararin, gaban jirgi na kallon igiya kai tsaye, kana tuƙi da ƙarfi ba tsayawa. Wajen dawowa ka tsaya a bayan inda take fashewa, ka kwance ƙugiyoyi, ka kwantar da sanduna ka ɗaure, ka cire duk igiyar da ke haɗa jikinka da jirgi, sannan ka bi bayan igiyar ruwa, kada ka shiga gabanta. In ta juya ka gicciye, ka karkata zuwa wajenta kana dafa filafili a kan kumfan. Wanda ya karkata wajen tudu shi ke kifewa. In ka faɗo kada ka tsaya tsakanin jirgi da gaɓa, kayak mai kilo 35 da igiya ta turo ya isa ya karya ƙafa.

Maganar rigar ruwa ba sai an je teku ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a Watari ta Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Ruwan madatsa ne, babu igiyar teku a ciki. Mai kayak shi kaɗai ne a jirginsa, don haka babu wanda zai miƙo masa riga bayan ya faɗa, kuma saka ta a cikin ruwa mai motsi abu ne da ba kasafai yake yiwuwa ba. Rigar da ke ɗaure a bayan kujera daidai take da wadda aka bari a gida. A jikin kowace riga ta ƙwarai akwai lamba. Mai lamba 50 tana ɗaga nauyin kamar kilo 5 a ruwa, ta mai iya iyo ce a kusa da gaɓa, kuma ba ta juyo da fuskar wanda ya suma sama. Mai 150 an yi ta ne don ta juyo da shi. Bayan ka ɗaure maɗaurai, ka sa wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta haura har kunne, a ruwa ma haka za ta yi, ta bar bakinka a ƙasa. Iya iyo ba ya maye gurbinta, domin filafili ko gefen jirgi na iya bugun kai, jijiya na iya ɗaurewa, kuma ruwa kan ci gwani. Tufafi ma a kula: jallabiya, da kaftani, da wandon jins suna shan ruwa su naɗe ƙafa. Riga da wando marasa nauyi na yadin roba sun fi. A jikin rigar ruwan, ba a cikin jirgi ba, za ka maƙala usur, da wuƙa, da waya a jakar da ruwa ba ya shiga, da rediyon oba-oba na teku in a teku kake. Abin da ke cikin jirgi tare da jirgin zai tafi.

Kayak iri biyu ne. Akwai wanda ake zama a cikinsa, in ya kife sai ya cika da ruwa, kwashewa a cikin igiya kuma wahala ce. Akwai wanda ake zama a kansa, rufaffe ne, yana da ramuka a ƙasa da ruwan da ya hau ke zurarewa. Na biyun ya fi dacewa da kamun kifi, sai dai yana da nasa ciwon da ba a gani. Ruwa na iya shiga cikin gangar jikinsa ta murfin ma'ajiya da bai rufu ba, ko ta tsaga, ko ta toshin baya da aka manta a buɗe. Kowace lita kilo ɗaya ce, kuma ruwan da ke ciki gudu yake zuwa gefen da jirgi ya karkata, ya ƙara masa karkata. Jirgin da ya fara yin nauyi, yana jinkirin dawowa daidai in ya karkata, ruwa ya sha. A duba toshin kafin a sauke shi daga mota, a riƙe ƙaramin famfon hannu da soso. Nauyin da kamfani ya rubuta kuma kada a wuce kashi 70 cikin ɗari nasa: in an rubuta kilo 180, kai da kaya da kifi kada ku haura 126. Masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya. A zaune, kanka ya tsaya a saitin tsakiyar jirgi, ƙugu ya saki yana bin motsin ruwa. Yawancin kifewa a ruwa kwance daga juyawa ɗauko abu a baya take faruwa. Ka zauna a gicciye ƙafafu a ruwa, sannan ka miƙa hannu.

Su kansa yana kawo nasa hatsarin. Anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don tsayar da jirgi, in an ɗaure ta a gefen jirgi, in ruwa na gudu ko iska ta taso, sai ta ja gefen ƙasa ta kifar da shi cikin ƙiftawar ido. Daga gaba ko baya ake ɗaure ta, igiyar ta kai aƙalla ninki uku na zurfin ruwa, da ƙulli mai kwancewa da ja ɗaya, da ƙaramar jarka a ƙarshenta don ka sake ta ka dawo ɗauka daga baya. In ƙugiya ta maƙale a ƙasa kada ka ja da ƙarfi ta gefe, domin zaren zamani kan ɗauki kilo 20 bai tsinke ba, in kuma ya tsinke farat ɗaya baya za ka faɗa. Ka juya bakin sanda zuwa gaban jirgi, in ta ƙi ka yanke. Haka in babban kifi ya kama, giwan ruwa ne a madatsa ko wani a teku: sanda na kallon gaba, birkin zare a sassauce, ya ja jirgin duka maimakon ya ja ka gefe. Igiyar ɗaure filafili tana da amfani, domin rasa filafili a iska daidai yake da mutuwar inji. Amma kowace ƙarin igiya abin naɗe wuya ne in an kife, don haka a taƙaita su. A madatsunmu akwai kalli da mamari da masunta ke shimfiɗawa, ƙugiyoyi ɗaruruwa a layi ɗaya, wanda ya faɗa kansu wuƙar da ke ƙirjinsa ce kaɗai za ta fitar da shi.

In iska ta riske ka duk da haka, ka tattara kaya ka sa gaban jirgi ya fuskanci igiya da ɗan karkata, kana tuƙi gajere-gajere ba ƙaƙƙautawa, domin filafili a cikin ruwa shi ne madogararka. Kada ka dage sai ka koma inda ka shiga, duk gaɓar da iska za ta kai ka lafiya ta wadatar. In ka kife, abu na farko ka damƙi jirgin, kafin hula, kafin sandar fatsa. Iska na tura kayak marar kowa fiye da gudun da mai rigar ruwa zai iya yi da iyo, daƙiƙa kaɗan sun isa ya fi ƙarfinka. Ka zo tsakiyarsa, ka haye ƙasansa ka kamo hannun ɗaya gefen, ka ja baya da nauyinka har ya juyo. Sannan ka kama gefe, ka bar ƙafafunka su taso saman ruwa a bayanka. A nan mutane ke kuskure, suna barin ƙafafu su shige ƙarƙashin jirgi, sai su riƙa jawo shi kansu. Ka buga ƙafa, ka ja ƙirjinka har cibiya ta hau kujera, ka huta, ka mirgina ka zauna, sannan ka shigo da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba a fara koyonsa a cikin guguwa. Ka gwada a ruwa kwance kusa da gaɓa, da rigar ruwa da duk kayanka, wani na tsaye, har ka iya yi sau uku a jere. Wanda bai iya ba kada ya wuce nisan da zai iya jan jirgin zuwa tudu da iyo. In hawan ya gagara, ka ɗora rabin jikinka a kan jirgin ka zauna tare da shi: ana hango jirgi daga nesa, ba a hango kan mutum, kuma ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska sau 25, abin da ke sa hannu ya mutu da wuri a sanyin Disamba da Janairu. Wanda kuma ruwa mai komawa teku ya ja daga gaɓa, kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo a gicciye tare da gaɓar har ya fita daga layinsa.

Kada a fita mutum ɗaya in akwai hali. Ko da abokin tafiya, a bar wa wani a gida bayani: inda za a shiga, inda za a kama kifi, launin jirgi, lambar mota, lokacin dawowa, da lokacin da in ya wuce bai ji kira ba zai fara nema. A teku, tasha ta 16 a rediyon oba-oba ita ce ta neman agaji a duk duniya, amma daga saman kayak kilomita kaɗan take kaiwa, don eriyar na kusa da ruwa. Mai nisan zango ya nemi ƙaramar na'urar aika saƙon ceto ta tauraron ɗan'adam, mai aiki a kan megahaz 406, ya yi mata rajista da sunansa. A Tiga ko Chalawa, lambar gaggawa ta 112 tana nan, sai dai wanda zai fi saurin isa wurinka mai kwalekwalen inji ne da ke bakin ruwan. Ka karɓi lambarsa tun da safe, ka ba na gida, ka faɗa masa ƙarfe nawa zai kira shi.